Deloitte, PwC, KPMG, EY ko McKinsey: ina mai nazarin bayanai daga Zariya zai fi koyon aiki?

Tun da gwamnatin tarayya ta fara shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani a 2023, kuma darussan SQL da Power BI, kayan aikin tacewa da nuna bayanai a kwamfuta, suka cika wayoyin matasa, wata tambaya ta yi ta yawo tsakanin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, musamman masu karatun Ƙididdiga, Lissafi, Kimiyyar Kwamfuta da Akanta. In mutum ya gama, ya yi bautar ƙasa, wanne daga cikin manyan kamfanonin ba da shawara ya fi dacewa ya nema? Galibi ana amsa ta da sunaye: wannan ya ce Deloitte ya fi girma, wancan ya ce McKinsey ya fi biya. A ganina sunan da ke bangon ofis kaɗan yake faɗa maka game da aikin da za ka riƙa yi daga safe zuwa dare. Sashen da aka ajiye ka, da irin kwangilar da ofishin ya samo, da manajan da za ka zauna ƙarƙashinsa, su ne za su yanke ko bayan shekara uku za ka fito gwani ko kuwa mai kwafar alƙaluma daga wannan shafi zuwa wancan.

Kamfanonin nan ba zuriya ɗaya ba ne. Akwai manyan huɗu, Deloitte, PwC, EY da KPMG, waɗanda asalinsu binciken asusun kamfanoni ne, wato aikin odita. A shekarar kuɗi ta 2024 Deloitte ya samu kuɗin shiga dala biliyan 67.2 a duniya, PwC biliyan 55.4, EY biliyan 51.2, KPMG biliyan 38.4. Da can su biyar ne, har sai da Arthur Andersen ya ruguje a 2002 sakamakon badaƙalar kamfanin makamashi na Enron a Amurka, wanda shi ne ke duba asusunsa. Wannan tarihi ya shafe ka kai tsaye. A wancan lokacin an matsa wa masu odita lamba cewa bai dace kamfani ya riƙa duba littattafan wani, kuma yana sayar masa da shawara yana karɓar kuɗi mai tsoka ba. EY ya sayar da sashensa na ba da shawara ga Cap Gemini a 2000, PwC ya sayar wa IBM a 2002, KPMG ya ware nasa ya zama BearingPoint. Deloitte ne kaɗai ya riƙe nasa. Sauran sun dawo sun sake gini daga baya, har PwC ya sayi Booz & Company a 2014, EY kuma ya haɗe da Parthenon a shekarar, amma ratar da Deloitte ya bayar a aikin fasaha da girka manyan manhajoji a can ta samo asali.

Sai dai a nan ne masu karanta bayanan intanet suke yin tuntuɓe. Kowane ɗaya cikin huɗun nan gamayya ce ta kamfanoni masu cin gashin kansu, na ƙasa ko na yanki, da suka amince su yi amfani da suna ɗaya da ƙa'idojin aiki ɗaya. Fatnonin Najeriya, wato manyan ma'aikatan da ke da kaso a kamfanin, su ne masu ofishin Najeriya. Daga abin da suka samo a nan suke biyan albashi, kuma da naira suke biya. Deloitte na Legas ma tushensa kamfanin da marigayi Akintola Williams ya kafa ne a 1952, mutumin da aka sani da zama akanta na farko mai cikakkiyar shaida a ƙasar nan, wanda ya rasu a 2023 yana da shekara 104. A 2025 kuwa ofisoshin PwC na wasu ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci, ciki har da Kamaru da Senegal, sun fita daga gamayyar ɗungurungum. Saboda haka in ka karanta wani ma'aikacin Deloitte a Amurka yana yabon albashinsa da irin na'urorin da yake aiki da su, labarin wani kamfani daban yake ba ka. Tambayar da ta dame ka ita ce wanne cikin huɗun ke da ƙungiyar nazarin bayanai mai ƙarfi a Legas ko Abuja a wannan shekarar, kuma wannan yana canjawa da zarar fatna ɗaya ya tashi da mutanensa ko wata babbar kwangila ta ƙare.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta odita, don can ake ɗaukar sabbin ma'aikata da yawa. Akwai nazarin bayanai na gaske a ciki, kuma ya kamata a fahimci kamanninsa. Banki zai miƙo muku duk shigarwar da aka yi a littafin asusunsa na shekara, layi miliyoyi. Aikinka shi ne ka tace su ka fito da waɗanda suke da alamar tambaya: wadda aka shigar da tsakar dare ko ranar Lahadi, wadda wani ma'aikaci da ba shi da izini ya shigar, kuɗin da ya zo cif-cif babu ko kwabo a kai, ko wadda aka shigar ranar 31 ga Disamba aka soke ta a farkon Janairu don a gyara fuskar riba. Kowane kamfani na da manhajarsa ta wannan aiki: Deloitte na da Omnia, PwC na da Halo, EY na da Helix, KPMG na da Clara. Amfanin da ke ciki babba ne ga wanda ya fito daga aji. A makaranta ana ba ka bayanai tsaf-tsaf. A nan za ka ga kwanan wata da aka rubuta iri uku, da lambar asusu da ta ɓace, da jimilla da ta ƙi daidaituwa, kuma babu mai tashi sai ta daidaita. Za ka kuma san yadda kuɗi ke tafiya a cikin banki ko kamfanin siminti, sanin da mai shaidar kwas ta intanet ba shi da shi.

Illarsa ita ce manhajar an riga an gina ta a wata ƙasa, kai mai ɗura mata bayanai ne. Shekara ta farko komai sabo ne, ta biyu ka ƙware, ta uku gwajin bara ne kake maimaitawa a kan alƙaluman bana. Ga kuma lokacin matsi. Yawancin kamfanonin Najeriya suna rufe littafinsu a Disamba, kuma waɗanda ke kasuwar hannun jari ta NGX ana buƙatar su miƙa asusun da aka tantance cikin kwana 90. Wato daga Janairu zuwa ƙarshen Maris babu tashi da wuri. A 2025 azumi ya faɗo a watan Maris daga farkonsa har ƙarshensa, daidai tsakiyar wannan matsi. Wanda zai shiga ya san cewa zai iya yin buɗa-baki a ofishin kwastoma, kuma ya tambayi Musulmin da ke ciki yadda manajoji ke ɗaukar maganar sallar Juma'a da goman ƙarshe. Wannan tambaya ba ƙaramar tambaya ba ce, kuma ba a ganin amsarta a shafin kamfani.

Sashen da ni na fi so wa mai ƙwaƙwalwar lissafi shi ne na binciken ƙwaƙwaf, masu bin diddigin almundahana. Mutanen Arewa ba za su manta da 2014 ba, lokacin da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce akwai dala biliyan 20 na kuɗin mai da NNPC bai saka a asusun tarayya ba. PwC aka ba aikin bincike, kuma rahoton da aka fitar wa jama'a a Afrilun 2015 ya ce aƙalla dala biliyan 1.48 ya kamata a mayar. An yi ta jayayya a kan rahoton, amma dubi aikin da ke ƙarƙashinsa: a ɗauko yawan gangar ɗanyen mai da aka loda, a haɗa da farashin kowane lodi, a cire abin da aka ce an kashe a tallafin fetur da kananzir, a gwada da abin da ya shiga asusu, alhali kowace hukuma da nata alƙaluman. Babu manhajar da aka riga aka gina don irin wannan. Dole ka zauna ka yi tunanin yadda za ka haɗa bayanan da ba a yi su don su haɗu ba, kuma ka iya kare kowace lamba a gaban wanda ba ya son ta fito. Wanda ya yi shekara uku a irin wannan sashe, a kowane ɗaya cikin huɗun, ya fi wanda ya yi biyar yana kwalliyar allon alƙaluma.

Sai sashen fasaha, inda ake girka wa bankuna, kamfanonin sadarwa da ma'aikatun gwamnati manhajoji irin su SAP, Oracle da kayan Microsoft. Nan ne ake kwashe bayanai daga tsohon tsari zuwa sabo, ana gina rumbun bayanai, ana rubuta SQL kullum. Wanda ke son zama injiniyan bayanai nan ya kamata ya nufa. Akwai kuma sassa biyu da doka ta buɗe wa kasuwa kwanan nan. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tilasta wa masu riƙe da bayanan mutane su san abin da suka tara da inda suka ajiye shi. Sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025 su ma sun jawo aiki, kuma shugaban kwamitin da ya tsara su, Taiwo Oyedele, tsohon fatna ne a PwC, abin da ke nuna inda irin wannan hanya kan kai mutum.

Zuriya ta biyu ita ce ta McKinsey, wanda aka kafa a 1926, da BCG na 1963, da Bain na 1973. Su ba sa odita. Shugabannin kamfanoni da gwamnatoci suke ba shawara a kan manyan matakai, kuma tsarinsu ya fi kusa da kamfani ɗaya a duk duniya, shi ya sa ma'aikacin ofishin Legas kan iya samun kansa a aikin wata ƙasa. Suna da sassan nazarin bayanai masu suna: McKinsey ya sayi QuantumBlack a 2015, kamfanin da ya fara da nazarin bayanan tseren motoci na Formula 1, BCG kuma ya tattara nasa ƙarƙashin BCG X a 2022. Albashinsu ya fi na manyan huɗu, sunansu kuma yana buɗe ƙofar karatun digiri na biyu a waje. Amma a kula da abu biyu. Mutanen da suke ɗauka a Najeriya kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da manyan huɗu. Sannan wanda aka ɗauka a matsayin mai ba da shawara na gama-gari, rayuwarsa Excel ce da PowerPoint, ba rubuta manhaja da harshen Python ba. Sassan da ke gina manyan ƙirar lissafi ƙofarsu daban ce, kuma yawancin mutanensu suna manyan cibiyoyi a waje. Abin da za ka koya a wurinsu shi ne yadda ake ɗaukar matsala mai ruɗani a yanka ta gida-gida, a gane lambar da za ta canja shawarar shugaba, a faɗe ta cikin jimla biyu. Wannan baiwa ce mai tsada. Abin da ba za ka cika gani ba shi ne yadda abin da ka gina yake yi bayan shekara guda, don aikin watanni ne, ku miƙa rahoto ku wuce. Kuma suna da ƙa'idar ko ka hau mataki na gaba cikin lokaci, ko ka nemi wani wuri.

Accenture shi kaɗai yake a gefe. Daga Andersen Consulting ya canja suna a farkon 2001, yana da ma'aikata sama da dubu 700, kuma shi ne ya fi kowa aikin gina tsarin bayanai da hannu, sai dai babban ɓangaren wannan aiki a cibiyoyinsa na Indiya da Filifin ake yin sa. A gida, wasu tsofaffin shugabanninsa na Najeriya ne suka kafa Verraki a Legas a 2019. Irin waɗannan matsakaitan kamfanoni bai kamata a raina su ba, don sabon ma'aikaci ya fi saurin riƙe aiki sukutum a hannunsa a can.

Akwai abu ɗaya da ya haɗa su duka, wanda in ba ka gane shi ba za ka yi ta mamakin halinsu. Hajarsu lokacinka ne. Kowane mako za ka cike takardar da ke nuna sa'o'i nawa ka yi wa wane kwastoma, kuma da yawan sa'o'in da aka iya cajin kwastoma a kansu ake auna amfaninka. Fatna ɗaya a sama, manajoji kaɗan, yara da yawa a ƙasa. Ribar tana fitowa ne daga tazarar abin da ake cajin kwastoma a kan sa'arka da abin da ake biyan ka. Sakamakon haka, in ofis bai sayar da kwangilar nazarin bayanai a wannan watan ba, ba za a bar ka zaune kana jiran ta ba, za a tura ka duk inda ake neman hannu, ko da tattara takardu ne. Wanda aka taɓa kai wa koyon kanikanci ya san cewa ba girman allon gareji ke koyar da yaro ba, irin motocin da ke shigowa ne da ubangidan da ke yarda ya miƙa masa sifana. Don haka a ranar intabiyu, in aka ce kana da tambaya, kada ka tambayi tarihin kamfani. Tambayi mutum nawa ne a ƙungiyar nazarin bayanai a wannan ofishin, wane irin aiki suka gama a watanni shida da suka wuce, da wace manhaja suka yi shi, kuma wa zai riƙa duba abin da ka rubuta. In mai amsawa ya fara zagaye-zagaye yana kawo labarin ofishin Landan, ka gane.

Za ka kuma ji suna alfahari da kuɗin da suka zuba a ƙirƙirarriyar basira. A 2023 kaɗai PwC na Amurka ya sanar da dala biliyan 1, EY biliyan 1.4, KPMG biliyan 2 tare da Microsoft, Accenture biliyan 3. A watan Maris na 2023 ɗin ne kuma Accenture ya ce zai rage ma'aikata dubu 19. Aikin da na'ura ke fara cinyewa shi ne na ƙasan tsani: share bayanai, taƙaita takardu, zana jadawali. Wannan ya sa nake ganin zama a wurin da ake maimaita gwaji ɗaya ya fi haɗari yanzu fiye da shekara biyar da suka wuce.

Ta fuskar amana kuwa babu wanda zai ɗaga wa wani kai. McKinsey ya amince ya biya dala miliyan 573 a 2021 kan shawarar da ya bayar wajen tallata magungunan kashe zafi masu sa maye a Amurka. KPMG na Afirka ta Kudu ya shiga tsaka mai wuya a 2017 kan aikin da ya yi wa iyalan Gupta. EY ne ke duba asusun Wirecard na Jamus da ya ruguje a 2020 bayan an gano yuro biliyan 1.9 da aka ce suna nan babu su. PwC na Ostareliya ya sha kunya a 2023 kan fitar da sirrin harajin gwamnati. Ina kawo wannan ne don mai nazarin bayanai shi ne yake fara ganin lambar da ba ta yi wa kwastoma daɗi ba, kuma wata rana za a nemi ya sake dubawa ko za ta canja. Ya shirya wa wannan ranar tun kafin ta zo.

Ɗan Zariya yana da nasa cikas da ɗan Legas bai sani ba. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da ofis a garin nan. Hedikwatocinsu na Najeriya suna Legas, manyan huɗun suna da ofisoshi a Abuja. Tallan ɗaukar sabbin ma'aikata galibi yana neman digiri mai daraja ta biyu mataki na sama, da shaidar bautar ƙasa, kuma sau da yawa da iyakar shekaru da ba ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Wanda yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye wa wata tara, na 2022 ya ƙara cinye wata takwas, yana iya tsallake iyakar ba da laifinsa ba, kuma wannan abu yana ci mini rai, don 'yan jami'o'in kuɗi ba su rasa ko mako guda ba. Maganinsa shi ne a fara nema tun ana bautar ƙasa, kada a jira a gama. Jarrabawar farko ta gudu ce, lissafi da Turanci cikin ƙurarren lokaci, kuma na tabbata ɗalibanmu da dama ba a ilimi suke faɗuwa ba, a rashin sabo da agogo ne. Sai lissafin albashi. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga kusan 460 ta haura 1,400 cikin watanni, kuma hayar Legas ta shekara ake biya gaba ɗaya. Albashin da ya yi kama da dukiya in ana zaune a Tudun Wada yana iya ƙarewa a haya da mota kafin wata ya raba. Ga 'yan'uwa mata da iyaye ke ɗari-ɗarin barinsu su tafi Legas, ofishin Abuja ya fi sauƙin shawo kan gida, tunda ga jirgin ƙasa daga Rigasa, sai dai aikin can ya fi karkata ga ma'aikatun gwamnati da hukumomin ba da tallafi.

A nan ɗin ne kuma ƙarfinmu yake. Ayyukan lafiya, ilimi da noma da ake kashe wa kuɗi da yawansu a Arewa suke, kuma mai jin Hausa da ya san yadda ake auna hatsi da tiya da buhu zai gane kuskuren da ke cikin bayanan fili tun kafin kwamfuta ta gane. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, Jaiz da ya fara a 2012, TAJ da Lotus da suka biyo baya, da sukuk, takardun zuba jari marasa ruwa, da gwamnatin tarayya ta fara fitarwa a 2017, duk suna buƙatar wanda ya haɗa lissafi da sanin ƙa'idojin kuɗi na Musulunci. Abin nunawa ma yana kusa. Cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a Samaru tana fitar da rahoton yadda damina ta kasance a jihohi, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da farashin abinci wata-wata. Ɗalibin da ya ɗauko waɗannan, ya haɗa da farashin masara da ya tattara da ƙafarsa a kasuwar Giwa da Sabon Gari, ya nuna inda suka dace da inda suka saɓa, yana da abin faɗa a intabiyu da ya fi tarin shaidun kwas.

In za a tambaye ni zaɓi, wanda ke son zurfi a fasaha ya nemi sashen fasaha ko na binciken ƙwaƙwaf a duk wanda ya buɗe masa ƙofa cikin huɗun, ba tare da damuwa da launin tambarinsa ba. Wanda odita kaɗai ya samu ya karɓa, amma ya shiga da niyyar neman canjin sashe kafin shekara ta uku. Wanda burinsa shugabanci ne, kuma bakinsa da alƙalaminsa suna da kaifi, ya gwada McKinsey ko BCG, ya yi watanni yana atisayen warware matsalar kasuwanci da baki, don haka intabiyunsu yake. Wanda kuwa yake son ya gina abu ya zauna da shi yana gyara shi shekara da shekaru, ƙarshenta banki ne ko kamfanin sadarwa ko na hada-hadar kuɗi ta waya zai fi masa, don su ne masu bayanan. Mai ba da shawara baƙo ne a kansu.

In takardar ɗaukar aiki ta zo, a duba ko an rubuta sunan sashen a ciki, don alkawarin baki na cewa za a mayar da kai ƙungiyar bayanai daga baya ba ya ɗaure kowa. A tambayi ƙa'idar canjin sashe da tsawon lokacin da ake jira. In kamfani zai biya maka kuɗin jarrabawar ƙwarewar akanta ta ICAN ko ACCA, sau da yawa akwai sharaɗin mayar da kuɗin in ka tafi kafin wani wa'adi, saboda haka a nemi a ga adadin da wa'adin a rubuce kafin a sa hannu.